Takalmin Baba Ya Dawo Daga Gyara

Yaya,

Na zo ban same ki ba, kuma dole in koma asibiti yanzu.

Likita ya kira ni da safen nan. Ciwon sukari ya riga ya cinye ƙafar Baba ta hagu, gobe za su yanke ta daga gwiwa. Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga, sai na sa hannu ni kaɗai. Ki yafe mini.

A hanya na biya wajen mai gyara na karɓo baƙin sau-cikin Baba, wanda yake zuwa ofis da shi. Ya canza masa ƙasa da dunduniya, ya ɗinke inda ya yage, ya goge shi sai ƙyalli yake. Har yana ce mini, "Ki gaya wa Baba, wannan sai ya ƙara shekara goma yana taka shi." Na ce to, na fito.

Takalmin yana cikin leda a kan firij. Don Allah ki ɓoye shi a ɗakinki kafin Mama ta dawo, ba ta san maganar gobe ba tukuna.

Sau biyu Baba yana tambayata ko an gama gyaran. Na ce masa da saura. Idan kin zo, ke ma haka za ki ce.

Ƙanwarki