Mma, Na Yi Guɗa Inda Aka Hana

Zuwa ga mahaifiyata, Mma ta Zogbeli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Mu nan lafiya muke. Labari na kawo miki, wanda da kina nan da tuni ya riga ni isowa tsakar gidanki.

Kin tuna Ticha Kwame, mutumin kudun nan da ya yi haya a ɗakin bakin ƙofa? Duk Lahadi in ya dawo daga coci sai ya sa kaset ɗin waƙar Turawa da ya ce sunanta opera. Mu yara mu toshe kunne muna dariya. Ke kuwa kika tsaya da muciya a hannu, tuwo yana neman kamawa, kika ce, "Ashe Turawa ma suna guɗa, sai dai nasu da piyano."

Tun daga ranar kika mai da matar cikin kaset abokiyar gasarki. In ta ja murya sama, ke ma ki ja taki daga bakin murhu, har sai Ticha ya leƙo ya ɗaga hannu, alamar kin ci. Ba ki san kalma ɗaya a yarenta ba, amma kina cewa, "Wannan mata ya san aikinsa sosai paa, ku yi mini shiru in ji."

Ba a fitar da amarya a layinmu sai kin rangaɗa guɗa. Ni kuwa kin sha fama da ni a banza. In na gwada sai ki riƙe ciki don dariya, ki ce, "Safiya, bari wahalar da wuyanki. Guɗa a ciki yake. Ranan da cikinki ya cika, zai fita da kansa." Kika tafi bai fita ba. Tun rasuwarki, in biki ya tashi a danginmu aron mai guɗa muke yi a maƙwabta, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo.

To, 'yata Ummi, takwararki, wadda kika bari tana hawa cinyarki a gidan biki, ta girma har tana sakandare wajen Dungu. Muryarki ce a bakinta, Mma. In tana wanke-wanke tana rera wani abu, sai in ajiye abin da nake yi in laɓe a bayan labule. Malamar waƙarsu, Madam Efua, ita ta ji ta, ta koya mata karanta takardar waƙa, wasu baƙaƙen ɗigo a kan layuka kamar tururuwa a igiyar shanya. Matsalar ɗaya ce, yarinyar akwai kunya, ga taurin kai irin naki. Da aka zaɓe ta ta yi waƙa ita kaɗai a gaban iyaye, ta rantse mini in aka kunyata ta, ba za ta ƙara buɗe baki ba. Na tsorata, don a wurinta kaɗai nake samun jin ki.

Ashe wannan waƙar tana da dokoki. Ba a tafi, ba a kiran suna, ba a ko tari mai ƙarfi, har sai Madam da ke kaɗa piyano ta sauke hannu. Ummi ta karanta mini su a gida, ta sa na yi alkawari, har awarwarona ta sa na cire wai suna ƙara. Ranar taron, a zauren ma Madam ta sake roƙon jama'a, kuma na lura layinmu ta fi kallo.

Sai ga jikarki ta fito da farar riga da ɗankwali, ta fara da yaren Italiya. Ban gane komai ba, amma tsigar jikina ta tashi. Muryar ta yi ta hawa, tana hawa, har ta kai wani wuri ta tsaya a can. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, ta dafe ƙugu da hannun hagu yadda kike yi. Sai ta yi shiru. Piyano ma ya yi shiru.

Mma, ban yi shawara da kaina ba. Abin ya taso daga cikina, ya fita. Guɗa ce cikakkiya, doguwa, mai karkarwa a ƙarshe, irin taki sak. Ni da na kasa tun ina yarinya!

Da na dawo hayyacina, duk zauren ni yake kallo. Hannun Madam yana rataye a sama, ashe waƙa ba ta ƙare ba. Ummi ta rufe ido. Na ce shi ke nan, na kashe muryar nan da bakina. Sai ta buɗe ido, ta neme ni a cikin mutane, ta yi murmushi, ta ja numfashi ta ɗora daga inda ta tsaya. Da ta kai ƙarshe kuwa, wasu 'yan ƙabilar Dagombawa a bayana suka ga ai an riga an buɗe hanya, suka saki tasu guɗar har fanka ba a ji.

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gida. Sai da muka kusa unguwar Gurugu ta fassara mini waƙar. Wai yarinya ce take kiran mahaifiyarta ta zo ta ga lambun da ta shuka ya yi fure. Shirun nan na tsakiya, wurin da take jiran amsa ne, kuma a waƙar ba wanda yake amsawa. Ta ce saura kaɗan ta gudu, sai ta ji muryar da take ji a kan cinyarki. Mai keke ya yi ta leƙenmu ta madubi, uwa da 'ya suna kuka suna dariya.

Ba ta daina ba, Mma. Yanzu haka tana ɗaki tana koyon wata sabuwa. Sharaɗinta dai shi ne nan gaba in zauna a layin baya, in riƙe guɗata sai an gama. Na ɗaukar mata alkawari a kan kaina, amma na gaya mata ban isa in ɗauka a madadinki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya raya mana takwararki, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Safiya, wadda cikinta ya cika.