Gicciyen da 'Yan Fim Suka Bar Mini

Litinin, 4 ga Maris
'Yan fim sun iso daga birni da motoci uku. Gidana suka zaɓa saboda shi ne mafi tsufa a unguwar. Daraktan, wani saurayi mai gemun akuya, Ulises, ya ce, "Doña Eufrosina, gidan nan naki ban tsoro gare shi." Wai yabo ke nan. Shekara takwas ina ciki ni kaɗai tun rasuwar mijina Fulgencio, ba abin da ya taɓa tsorata ni sai ɓera.

Fim ɗin na mayyar nan ne ta tatsuniyarmu, mai rikiɗa ta zama talotalo ta shanye jinin jarirai. Kakata ta fi su iya ba da labarin.

Laraba, 6 ga Maris
Gida cike da mutane, rabon da in ji hayaniya haka har na manta. Na dama musu kunun masara ba tare da sun roƙa ba.

Yau suka ɗauki zaman makoki. Na ga yarinyarsu ta zana gicciye a tsakar ɗaki da fenti, na ce ba haka ake yi ba. Na ɗebo farar ƙasar da nake dafa masara da ita, na durƙusa na zuba shi da hannuna, kai wajen gabas, kyandir huɗu, furanni, kamar yadda ake yi inda gawa ta kwanta. Ulises har tafi ya yi mini. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Juma'a, 8 ga Maris
Sun tafi. Sun kwashe fitilunsu da wayoyinsu da talotalon roba. Gicciyen yana nan.

Na tare Ulises a bakin mota, na ce wa zai ɗaga shi ranar tara? Ya yi dariya. "Mama, ai ba wanda ya mutu. Ki sa tsintsiya kawai."

Ki sa tsintsiya. Uwarsa ba ta koya masa komai ba.

Asabar, 9 ga Maris
Kowa ya san ba a share gicciye, ɗaga shi ake yi, a rana ta tara, kuma ba ɗan gida ke ɗagawa ba. Sai wata daga waje ta tsaya masa uwa, ta tattara shi da addu'a, a kai maƙabarta. Wanda aka bari a ƙasa ba mamaci, shi zai nemo wa kansa. Mutum nawa ne a gidan nan? Ni ce dai.

Kuma da hannuna na zuba shi, don wani yaro ya tafa mini.

Lahadi, 10 ga Maris
Ta gefen bango nake bi in shiga kicin.

Litinin, 11 ga Maris
'Yata Yesenia ta kira daga Chicago. Na fara gaya mata, ta ce, "Mama, don Allah, ina wurin aiki. Ki je wajen fada a coci." Na je. Fada ya ce wannan ba na coci ba ne, al'ada ce, amma ya sa mini albarka. Matan da suka iya ɗagawa biyu suka rage. Ɗaya ta makance. Ɗayar Crescencia, wadda muke kira Chencha.

Chencha ita ta riƙe Yesenia ranar baftisma, shi ya sa comadre tawa ce, wato 'yar'uwa har gaban Allah. Shekara uku ba mu magana. Mijinta Nabor ya ci mini taku biyu a iyakar gona, ya mutu bai gyara ba, ni kuma na rantse ba zan taka gidan ba. Kwana tara ana masa addu'a, ina jin su ta katanga, ina zaune ina ɓarar wake. Ko kyandir ban aika ba.

Gara in mutu da in roƙe ta. Na rubuta wannan, na kuma daɗe ina kallonsa.

Talata, 12 ga Maris
Na je. Tana tsakar gida tana ba kaji masara. Na tsaya a ƙofa kamar mai talla, na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa.

"A'a, tauraruwar fim ce yau a gidanmu?" in ji ta. "Ashe kin san hanya, comadre."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ci gaba da watsa masara. Na dawo gida. Ta tsufa ƙwarai, ban san ta fara ɗingishi ba.

Laraba, 13 ga Maris
Ba kowa. Na wanke baƙar rigata na goge, ko ta wace hanya za a buƙace ta.

Alhamis, 14 ga Maris
Ƙarfe huɗu ta turo ƙofa ba sallama, da 'yar tsintsiya sabuwa da ɗan akwati da fararen furanni. Ta duba gicciyen ta ce, "Kin karkata hannun hagu, kamar kullum." Ta durƙusa da ƙyar. Sai ta tsaya.

"Gicciye ba ya tashi ba suna. Wa za mu kira?"

Na ce ai ba kowa, na fim ne. Tsintsiya na hannunta, ba ta dube ni ba. Kyandir yana ta ci. Na gane in za mu kwana a haka ba za ta motsa ba.

Na ce, "Nabor."

"Ban ji ba, comadre."

Na sake faɗa, da sunan ubansa da na uwarsa. Ta fara tattara gicciyen daga kai, sai hannun dama, sai na hagu, tana jan addu'a ina amsawa. A tsakiya muryarta ta tsinke, ni na ƙarasa. Kafin rana ta faɗi mun binne akwatin a gefen kabarinsa. Ban taɓa ganin kabarin ba. Ciyawa ta ci rabinsa, ƙafarta ba ta barinta zuwa.

Juma'a, 15 ga Maris
Wai ta ce addu'ar jiya ta rana ɗaya ce, saura takwas, a gidanta, ƙarfe biyar, kada in makara. Matar nan ba ta yafiya a dunƙule. Zan je ne kawai don kada a ce.

Da safe na ɗauki fartanya na leƙa maƙabarta. Ba wani abu ba ne, hanya ce ta bi da ni.