Wuƙar Aljihu ga Fasto

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ruwan dam ya cinye gonarmu, kowa na ɗaure kaya. Ka tuna Fasto, maƙwabcina, mai kawo mini kajinsa in yanka don mu ci tare? Shi zai tsaya wurin ma'aikatan dam ɗin. Na wuni kasuwar Talata ina juya wuƙaƙe, har na zaɓar masa ƙarama mai naɗewa. Ya ce, "Malam Sani, me zan yi da ita?"

Na ce, "Yanka kajinka. Masu ci da kai sun watse."

Ko buɗe ta bai yi ba.

A sa mu addu'a, ban san inda muka nufa ba. Gaida kowa.

Ƙaninka, Sani