Kwandon da Kika Bari a Bayan Ɗaki

Zuwa ga Uwar Delu,

Ina gaishe ki, Allah Ya sanyaya makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ba ki san baƙi ba, ni ma haka. Liman Sule ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya ce mamaci addu'a yake bukata ba takarda ba, na ce ya yi addu'ar sannan ya ɗauki alƙalami, in kuwa ba zai iya ba ya mayar mini da cinyar akuyata.

Gida lafiya. Dawa ta yi kyau bana. Garun birni da ya zube ta wajenmu an ɗora shi. Delu ta sauka a Damari, namiji. Mijinta har yau bai tako ya gaishe ni ba, goro ya aiko da shi, ni kuwa ban ci ba.

Maganar kajinki ce ta kawo ni. Kin tafi kin bar mini su, ba ki bar mini yadda ake yi da su ba. Wannan daidai ne? Kin san irin kajin mahaifiyarki ne, da su aka kawo ki gidan nan. Shaho ya ɗiba, muzuru ya fito daga daji ya ɗiba, yanzu saura kazar nan taki wake-wake da jan zakara.

Tun rasuwarki duk kwancin da ta yi tana ƙyanƙyashewa lafiya. 'Yan tsaki su fito gwanin sha'awa, kafin mako ya zagayo sai ki ga sun takure wuri ɗaya, fukafukai a sake kamar yaro cikin rigar ubansa. Su yi ta kuka, ba sa taɓa abinci, farin kashi ya manne musu a gindi kamar farar ƙasa. Da safe in kwashe matattu biyu, da yamma in kwashe saura. Uwar kuma ta yi ta zagaye tsakar gida tana kiransu.

Ni mahauci ne, ko na bar kasuwa hannuna bai manta ba. Na ɗauki 'yar wuƙata na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Cibiyarsu a kumbure take, a jiƙe, ba ta rufe ba. A ciki gwaiduwar da ya kamata jiki ya shanye tana nan daskare, ta yi kore-kore, tana wari. Hanta ta fi ƙarfin cikin, ga ɗigon fari a kanta kamar an barbaɗa gero. Da a saniya na ga irin wannan, ba zan bari a kasa namanta ba. Na ga ciwon da idona, amma ban san ta inda yake shigowa ba.

Na jiƙa musu ɓawon maɗaci, na sa barkono a ruwa, na karɓo rubutu wurin mai rubuta takardar nan, ga shi yana harara ta. Duk a banza. Daga nan na ce sammu ne, kuma na san mai shi: Tasalla ƙawarki, wadda ta taɓa cewa a tsakiyar kasuwa wai namana ƙashi ne da jijiya. Ke kin yi dariya a lokacin. Ban manta da wannan ba ma.

Maganar ta kai mata. Ta shigo ba sallama mai kyau, ta wuce ni ta nufi bayan ɗaki, ta ɗaga kwandon kwancin ta shinshina. Ta ce ba sammu ba ne, ƙazantar tsohon banza ce. Ta ce ciwon a cikin kwandon yake zaune, kowane ɗan tsako a kansa yake faɗowa da ɗanyar cibiya. Ta ce ke duk ƙyanƙyasa ɗaya kina ƙone kwando da ciyawarsa, ki share wurin, ki zuba toka, ki sauya kusurwa.

Ashe hayaƙin nan ke nan? Wanda yake cika mini ɗaki in fito ina faɗa, ina cewa kina ɓarnar kaba? Me ya hana ki gaya mini? Ko kin faɗa ne ni ban tsaya na ji ba?

Na kore ta. Kin san dalili. Kwandon nan shi ne saƙarki ta ƙarshe. Ina gani kika rarrafa da ciwo a jikinki kika shimfiɗa tsohon baƙin zanenki a ciki, kika daddanna shi da tafin hannu. Da aka raba kayanki Delu ta ɗauki ƙorai, 'yan'uwanki suka kwashe tufafi da tukwane, ba wanda ya tambaye ni ko ina son wani abu. Kwandon ne kaɗai aka bar mini, don ba mai son sa. Kullum da safe nakan leƙa shi kamar mai duba kaza, alhali ba kazar nake dubawa ba. Ban taɓa gaya miki saƙarki ta fi ta kowa a unguwar nan ba. Ta fi.

To, kazar ta sake fara ƙwai, kuma ta tsufa, ban ga alamar za ta ƙara wani kwanci bayan wannan ba. In waɗannan suka mutu, irin gidanku ya ƙare a hannuna.

Jiya da hantsi na ƙone kwandon, har da zanen. Iska ta kwaso hayaƙin ta kai shi ɗakina kamar yadda ta saba. Na shiga na zauna a ciki har ya washe. Ban yi wa kowa faɗa ba.

Tasalla ta jefo sabon kwando ta kan danga. Saƙar a karkace take, ban yi mata godiya ba, amma na sa shi a kusurwar gabas a kan toka, na mayar da ƙwan ciki. Kazar ta hau. Ban sani ba ko za su rayu. In Allah Ya raya su, zan ɗauki budurwar kaza ɗaya in kai wa Delu da ƙafata, ko da zan haɗu da mijinta a ƙofa.

Ki huta lafiya. Allah Ya gafarta miki, Ya haɗa mu a inda ba ciwo.

Mijinki Ɗanjuma mahauci, wanda har yanzu yake jin haushin kin riga shi tafiya.