Zakin Kamisawa Ya Shiga da Hagu

Maigida Zenkichi, Baban Fumie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya kwanan asibiti? Ina fata kana cin abin da suke ba ka, ba kana ture kwano kana hararar masu jinya ba. Tunda kunnenka ya ƙi waya, sai ka haƙura da rubutuna, ko da kamar tafiyar kaza yake.

Mun tattara shinkafar da aladun daji suka rage mana. Jiya aka yi taron shirin bikin kaka a wurin bauta, duk ƙauyen nan namu na Kamisawa ba mu cika tabarma uku ba. Magana ɗaya ce: wa zai ɗauki kan zakin katako ya yi rawar bikin bana, tunda kai kana kwance? Ka fi ni sanin doka. Shekarar da zaki bai fito ya zaga gidaje ba, sai a ɗaure akwatinsa da igiya, ba mai sake buɗewa. Abokinka Genzo ya ce shi dai zai shiga baya a ƙarƙashin mayafin zakin kamar kullum. Aka ce ya gwada gaba mana, ya ce, "Ni? Tun ina saurayi ƙugun Zenkichi nake riƙe da shi, ɗuwawunsa kaɗai na sani. Ku ɗora mini katakon nan ku ga yadda ake mutuwa a tsaye." Muka yi dariya, amma ta yaƙe ce.

Sai ga Shunsuke, jikan marigayi Heisuke mai tofu, wato awara, ya aiko daga Tokyo wai shi zai ɗauka. Ba ya samun hutu sai ranar bikin, don haka 'yarka Fumie ta tura masa bidiyon rawarka ya koya a ɗakinsa. Na ce da ita, yaushe aka taɓa koyon zaki da ido? Kai ma sai da ka yi shekaru a ƙarƙashin mayafi, hannunka a ƙugun babanka, kafin ƙafarka ta san hanya. Ta ce, "To Mama, ke za ki ɗauka?" Sai na haƙura. Da babu gara ba daɗi.

Na ɗinke mayafin inda ɓera ya ci. Kada ka sa damuwa a ranka.

Matarka mai kewarka,
Mitsue

Maigida,

Ina gaishe ka da jiki. Fumie ta ce an fara zaunar da kai a kujera, na ji daɗi. Yaya sanyin dare a can?

An yi biki, zaki ya fito. Da nan zan tsaya, amma gara ka ji daga bakina.

Yaron nan yana da ƙarfi, ya ɗaga kan kamar hula. Aka busa sarewa, muka bi shi zuwa gidan farko, na Iya Kiyo. Maigida, da ƙafar hagu ya tsallaka ƙofar. Na ce ko tuntuɓe ne. Sai ya juya hagu, ya sake juyawa hagu, ya sunkuyar da kai ta kafaɗar hagu. Ashe a bidiyon kana fuskantarsa ne, shi kuma ya bi ka kamar mai kallon madubi, damarka ta zama hagunsa. Wa zai gaya wa ɗan birni cewa zaki da dama yake shiga gidan masu rai, da hagu kuwa sai gidan da gawa take kwance?

Sandar mai ganga ta kusa faɗuwa. Amma wa ya isa ya yi wa zaki magana bayan an sa kai? Genzo yana ji a hannunsa tun takun farko, to baya ba ya tuƙa gaba. Haka muka bi shi gida-gida, yana yi wa kowa rawar rakiyar mamaci, tsofaffi suna durƙusawa suna miƙa giyar shinkafa. Abin haushin ma ya iya. Ban ga zaki mai kyau haka ba tun ƙuruciyarka. Da ya iso gidanmu na miƙa kaina ya ciza don neman albarka, tunda babu yaron da za a miƙa, na rufe ido ina kiran sunanka a zuci.

Da aka koma wurin bauta ya cire kan, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana ta murmushi. Ya ce da ni, "Iya, yaya? Na yi kamar Baba Zenkichi?" Genzo ne ya ce, "Sak, ɗana, ka binne mu da kyau." Mai ganga ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Ko jar shinkafar bikin bai taɓa ba ya kama hanyar mota.

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ka ci abinci.

Taka har kullum,
Mitsue

Maigida,

Gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ka da sauƙi. Yaya ƙafa, yaya motsa jikin da suke sa ka? Dusar ƙanƙara ta kai mana taga.

Na san Fumie ta gaya maka rasuwar Genzo, sai haƙuri. Mutane na ta cewa zaki ne ya kira shi. Na ce haba, mutumin da ya haura tamanin yana kwankwaɗar giya kamar ruwa, sai zaki ya kira shi? Da baki na faɗa, amma ni ma ba na barci. Iya Kiyo kuwa ta fara rabar da tukwanenta, har da wadda ta hana ni aro shekara da shekaru.

Ɗan rawar zaki in ya rasu ba a raka shi sai da zaki, kuma duk ƙauyen ba wanda ya iya rawar hagu sai mutum ɗaya. Ni aka sa na kira Shunsuke, ya zo cikin baƙaƙen kaya bai iya ɗaga ido ba. Mai ganga ya shiga baya, aka yi da sarewa kaɗai. Ko taku ɗaya bai kuskure ba. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na yi kuka har ƙanwar Genzo ta riƙe ni.

Bayan sadakar bakwai aka zauna. Shunsuke ya kifa goshinsa a tabarma, ya ce zai juya bidiyon ya koya daidai kafin baɗi. Mai kula da wurin bauta ya ce a'a, ba za a sake wasa da ƙofofin mutane ba. Ko dai ya karɓi rawar daga ƙugun mai ita, ko a ɗaure akwatin kafin shuka. Har an sa mai ganga ya fara tufka igiyar.

Ƙugun da ya rage a duniya naka ne. Shunsuke ya nace sai na kawo shi ran Lahadi. Na ce masa ba ka tsayuwa, ya ce masu jinya su riƙe ka, ko takun farko kaɗai ya ji a hannunsa ya isa. Kai, yaron nan da taurin kai, kamar kai ka haife shi.

Za mu zo a motar safe. Na roƙe ka kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka juya fuska bango. Har yanzu na kasa gaya masa cewa ɓarin damarka ne ciwon ya shanye. In sun tsayar da kai ya riƙe ƙugunka, ni da kai mun san ƙafar da za ta motsa.

Matarka,
Mitsue