Tsagar da Na Share a Fuskar Baba

Ƙauran Namoda,
Laraba, 13 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yayana Muhtari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zumunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hafsat da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwar albasa, yaya kuma ruwan saman nan naku da ba ya gajiya? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan alhamdu lillahi, da sauƙi dai za a ce. Ƙafar Inna ta yi dama, har tana takawa zuwa bakin zaure. Mai ɗakina Ummusalma ta kusa sauka, muna sa ran watan gobe. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direba kamar zamanin da. Tun da aka yanke layin waya, wayoyinmu sun koma tocila. Kasuwar Shinkafi a rufe, hanyar Zurmi sai an sayar da rai, geronmu na can bayan Jangeru ya nuna a gona babu mai yanka. Muna zaune a Ƙaura kamar kaji a akurki. Mubashir mai motar wake ya ce jibi zai yi kudu, shi ne na zauna rubuta abin da ko da akwai layi ban san ta ina bakina zai fara ba.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: hoton Baba ya lalace, kuma a hannuna ya lalace. Ka san shi kaɗai ne a duniya, ɗan ƙaramin nan da Malam Haladu mai hoto ya ɗauke shi a kasuwar Shinkafi tun muna yara, yana tsugune kusa da buhun gero, yana hararar kamara kamar ta zage shi. Katin zaɓensa ya ƙone tare da ɗaki ranar da 'yan bindiga suka shiga garinmu. Wannan kuwa Inna ta fito da shi ƙulle a haɓar zane, ruwa ya dake su a hanya, ya iso nan duk ya kakkarye ya yi tabo. Ni da nake da kamara biyu a shago ban taɓa ɗaukar ubana ba. Wata huɗun da ya yi a gidana kafin rasuwarsa, in na ce ya zauna in ɗauke shi sai ya ce ba a cikin wannan ramar ba, in bari ya murmure. Ni ma na ce to sai Sallah, idan na ɗinka masa riga. Allah bai nufa ba.

Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ta ba ni hoton, ta ce in ƙara masa girma don idonta ya fara rauni. Abin da ta ce ke nan. Ba ta ce in gyara ba. Amma ka san ƙaninka da son a ce ya iya. Na shigar da shi kwamfuta ranar da hotunan 'yan makaranta suka taru mini, injin wuta na shan ɗan man da ake wahalar samu, ina ta sauri. Na cire tabon ruwa. Na sa masa farar babbar riga, na ɗauke buhun geron na ajiye masallacin Madina a bayansa, na ce tunda bai samu zuwa da rai ba, ko a takarda ya je. Sannan na bi fuskar na goge ta sumul, kamar yadda nake yi wa kowace fuska da ta shigo shagona. Sabo turken wawa. Samarin yanzu masu tsaga, kafin su zauna sun ce a rage musu ita, har hannuna ya daina tambaya. Ga karyewar takarda ta bi ta kan kumatunsa ta gauraya da tsagar, ban tsaya na raba wanne ne aikin ruwa wanne ne aikin wanzami ba. Na share duka, na adana sabon a kan tsohon, na kashe inji ina jin kaina gwani. Tsohuwar takardar kuma na ce bari in adana wa Inna ita da kyau, na sa ta a injin liƙa leda. Ashe ruwan nan ya riga ya ci jikinta. Zafi na taɓa ta ta kumbura, fuskar ta narke ta manne da ledar, abin da ya rage sai buhun gero da ƙafafu. Garin neman gira na rasa ido.

Duk da haka ban tsorata sosai ba, na ce ai ga babba nan ya fi kyau. Na wanke shi, na sa a firam mai ruwan zinariya, na kai wa Inna da la'asar tana tsintar wake. Ta goge hannu ta karɓa, ta matso da shi, ta nesanta, ta juya shi wajen haske. Can ta tambaye ni, ba da gatse ba, wai wane Alhaji na wanga. Na yi dariya na ce Baba ne mana. Ta sa yatsa ta shafa kumatun ta kan gilashi, ta ce to ina tsagar Malam, yadda take kiran Baba. Yaya, sai a lokacin na gani. Wallahi sai a lokacin. Fuskar wani mutum ce mai hutu wanda bai taɓa riƙe hauya ba, Bagobiri babu tsaga ko ɗaya. Ta miƙo mini ta ce wanga ba shi na ba, in mayar mata da ɗan ƙaraminta, ya ishe ta. Kwana ashirin ke nan kullum safiya tana tambaya, kullum ina cewa na manto shi a shago. Har na kai in na ji motsin butarta sai in sulale in fice ba karin kumallo. Gidana ne, amma sanɗa nake yi a cikinsa.

Ka san mu masu hoto na Ƙaura yanzu ba mu da aiki sai gardama. Biki ya yi ƙaranci, wanda ake yi ma a ɗaura a watse. Sai mu taru da hantsi a inuwar dogon yaron da ke gaban rumfar Malam Haladu, kusa da tashar jirgin ƙasa, mu yi ta musu ɗaya da ba ya ƙarewa. Shi Malam, wanda ya koya mini riƙon kamara, a wurinsa hoto shaida ne, wanda ya taɓa shi kuwa ya yi shaidar zur. Yakan ce Allah ya gama halitta, mu ba a ɗauke mu aikin ƙarasawa ba. Jamilu abokina, mai shago a bakin kasuwar hatsi, shi ke tare masa gaba. Yakan ce to tozali da lalle fa, ba gyara ba ne? Ya tuna masa labulen da yake ratayawa a da, mai zanen bene da jirgin sama, da kwat ɗin aro da rabin samarin Shinkafi suka yi hoto da ita. Malam ya ce labule kowa ya san labule ne, fuska kuwa bai taɓa sa mata hannu ba. Jamilu ya ce a wannan zamanin gyara sutura ce: mace ta gudo daga ƙauye ta rame, tana son aika wa ɗanta hoto a Legas, in ka ɗan cika mata kumatu ka rufa mata asiri, ka kwantar wa ɗan da hankali, ina zunubin? Ni a bayan Jamilu nake tsayawa, har ina tsokanar Malam cewa in da gaskiya ake ci da ya fi mu shago. Har gobe kuma ban ce Jamilu ƙarya yake ba. Sai dai wanzami ba ya son jarfa.

Da abin ya ishe ni na kwashe duka na faɗa musu. Na tambayi Malam Haladu ko fim ɗin hoton na nan, ya ce gara ta cinye akwatin tuni. Ya tuna ranar, ya tuna Baba ya ƙi miƙewa tsaye, amma tsaga nawa, wannan kam bai riƙe ba. Jamilu ya ce ba abin damuwa ba ne, tsagar Gobirawa ce, shida nan bakwai can, minti goma ya ishe ni in zana, idon tsohuwa ba zai raba ba. Nan take wurin ya kaure, wannan ya ce bakwai a dama take, wancan ya rantse a hagu, wani ya ce kowane wanzami da hannunsa. Malam ya bari suka gaji, sannan ya ce da ni sau ɗaya ake yi wa mutum tsaga, ranar suna, kada in sake ɗaukar aska a kan mamaci. Wai in je in durƙusa in gaya wa Inna gaskiya, ta yi kukanta sau ɗaya. Na koma shago na gwada ta Jamilu, na zana sau biyar na goge sau biyar, kowanne sai ya fito da wani Bagobiri daban. Na zo gida in yi ta Malam, na durƙusa gabanta, sai na ji kaina ina tambayarta ko a sayo mata goro. Gwaggo Tani kaɗai za ta iya faɗa mini tsagar wanta da ka, ga ta nan Zurmi kusa, amma ba zan hau hanyar nan in bar Ummusalma da tsohon ciki ba. Gaba kura, baya sayaki. Kuma gobe ma zan buɗe shago in goge fuskokin mutane, don ba mai karɓar hotonsa yadda Allah ya yi shi, ni kuma ba ni da wata sana'a.

Jiya ne abin da ya sa ni ɗaukar biro ya faru. Na dawo bayan azahar na tarar Inna ta ɗauko firam ɗin daga inda na kifa shi a bango, ta ɗora a cinya, ga tandun tozalinta a gefe. Ba ta tambaye ni ɗan ƙaramin ba. Ina jin ta daɗe da ganewa, uwa ce. Ta riƙa tsoma tsinke tana ja a kan gilashin, daga gefen baki zuwa kunne, a hankali. Layukan a karkace, wani ya hau wani, amma ina tsaye ina kallo na ga Baba yana dawowa. Ta gama dama. Ta koma hagu ta ja huɗu, sai ta tsaya, tsinke a sama. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, shekara arba'in da huɗu tana zaune da Baba ba ta taɓa ƙura masa ido ta ƙirga ba, a zamaninsu ba a haka. Ɓangaren dama ta sani, don ta nan take durƙusawa in ta kawo tuwo. Ta tambaye ni saura nawa. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ta ɗauka mai hoto kallon mutane yake yi. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fita zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

To ga abin da ya kawo ni gare ka. Kai ne ɗan fari, kai kaɗai aka yi wa tsaga a ɗakinmu, kafin a zo kaina an daina. Baba da bakinsa ya sha faɗa cewa ranar sunanka wanzami fuskarsa ya riƙa dubawa yana ja maka, layi da layi. Duk duniya yau babu inda tsagar Baba ta rage sai a kumatunka. Na san ba ka son a yi maganarta, na san irin tsokanar da kake sha a kasuwa, ban kuma manta ni ka sa na rage maka ita a hoton aurenka ba, har ka ce na iya aiki. Don Allah, Yaya, wannan karon ka aske sajen nan, ka je wurin mai hoto da rana tsaka, ka ba shi dama ka ba shi hagu. Ka tsaya a kansa har ya wanke, don na san halinmu, kana juya baya zai ce bari ya yi maka alheri ya goge. Ka ce kada ya taɓa ko ƙurji. Ka ba Mubashir ya taho da shi, kwana uku zai yi wurinku yana sauke kaya.

Ba zan kwafa a kwamfuta ba, abin da hannuna ya yi ya isa. Inna zan miƙa wa ta ƙarasa da tsinkenta, Malam Haladu ya kira shi abin da ya ga dama. Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa yarda ta haɗa ido da kai ba, ko za ta mutu ba za ta aika a roƙe ka wannan ba. Abin da kunya ta hana ta kallo a fuskar mijinta da ta ɗanta, wataƙila ta iya kallonsa a takarda.

Ka gaishe mini da Hafsat da kyau, da Salma da Mubarak, Allah ya yi musu albarka. Ummusalma na gaishe ku, ta ce a sa ta a addu'a. Inna ba ta san na rubuto ba, amma da ta ji Mubashir zai yi kudu ta ce a gai da mutanen can, ka san wa take nufi. Allah ya jiƙan Baba, ya buɗe mana hanyoyinmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kada ka jinkirta, Yaya. Firam ɗin na jingine a ɗakinta da layi huɗu a hagu, ko ƙura ta hana a kaɗe masa. Yau da safe kuma na ga idonta babu tozali, wai kada ya ƙare kafin a gama.

Naka ƙaninka mai zuba ido a hanya,
Gwadabe.