Ni Na Ce a Kashe Wutar Mpape

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Na zo Abuja lokacin da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas, ina ƙaramin ma'aikaci, ba gida ba dangi. Wani manomi ɗan Gbagyi, bari in kira shi Baba Danladi, shi ya ba ni ɗaki kyauta, matarsa Mama Laraba kuwa ba ta taɓa sauke tukunya ta manta da kwanona ba. Da birni ya cinye gonarsu suka koma Mpape. Ni kuma Allah ya ɗaga ni, na yi gida a Gwarinpa, na zama babba a ofishin da ke sa ido kan kamfanonin wutar lantarki. Aikinmu ke nan fa, mu hana a zalunci talaka mai biyan kuɗin wuta.

Wata shekara aka ce wasu Turawa za su zo duba kamfanin rarraba wuta, suna son zuba jari. Wutar ba ta isa, wadda ake sayar wa maƙwabciyar ƙasa kuma ba a taɓa ta saboda yarjejeniya, ga shi ana so unguwannin da baƙin za su zaga su kwana su wuni da haske. Dole a rage wa wani. A wurin taronmu da su, ogan kamfanin ya ce, "Ku ba ni layin da mutanensa ba su da lambar wayar wani babba." Ni sarkin iyawa, mai son a ce na san gari, na ce, "Mpape, ranka ya daɗe. Ai sun saba." Aka yi dariya, har da ni. Wa ya tambaye ni? Wa ya sa min wuƙa a wuya? Kuma kada in yi muku ƙarya, na san da wuta ake jawo ruwan burtsatse a can, na sha ruwan da bakina.

Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, famfuna suka ƙafe, masu garuwa suka ɓace, mata suka koma ɗiban ruwa a tsohon ramin fasa dutse. Can santsi ya kwashe Mama Laraba da bokitinta, sai washegari aka ciro ta. A ranar ina otal cikin babbar riga, baƙi suna yaba mana wai wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Suka hau jirgi suka tafi, ko sisi ba su zuba ba.

A motata aka ɗauki gawar. Baba Danladi ya riƙe hannuna yana sa min albarka, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi shiru, shirun ya zama shekaru.

Yanzu yana kwance a asibiti, ƙoda ta gaza. Kwanaki ya jawo ni kusa ya ce da Hausarsa ta Gbagyi, "Ɗana, kai kana ofishin masu wuta. Matana bai mutu don ruwa ba, wani ne ya kashe wuta. Nemo min shi. Ba kotu, ba ɗan sanda. Ina so in ga fuskan shi, in ce na yafe, in tafi ba nauyi." Na ce, "To Baba, ina bincikawa." Tun daga nan duk zuwan da na yi sai ya ce, "Ka samu shi?" ni kuma ina sunkuye ina ɓare masa lemo.

Matata ta ce in rufa wa kaina asiri, kada in ƙarasa tsoho. Wataƙila tana da gaskiya. Ya shirya yafe wa baƙo, amma zai iya yafe wa wanda ya ci tuwon matarsa? Idan na faɗa, na raba shi da ɗan da yake jingina da shi. Idan na yi shiru, zai tafi da nauyin da ya roƙe ni in sauke masa. Ni kaina ban sani ba, don shi nake son faɗa, ko don in samu barci?

Likita ya ce a mai da shi gida, ba sauran abin yi. Gobe ni zan ɗauko shi, mu biyu a mota har Mpape, kuma na san abin da zai fara tambayata.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?